Gahawar Kawu da ganyen goro

Ana idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu, cikin Zangon Kumasi, muka saɓa kaya muka kama hanyar arewa. Mu biyu ne, ni da taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun yana yaro ba abin da ya sani sai fataucin goro. Shi goro zai kai Ejura, ni kuwa saƙo ne ya tashe ni. Kawuna da ya rene ni yana zaune a Zangon Ejura, ya tsufa, ido ya tafi. Ya aiko fatake su gaya mini cewa tun da ya baro Makka bai ƙara sa gahawa a baki ba, kuma yana so ya sha ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance.

Na sha yawo kafin na samu ɗanyar ƙwayar gahawa wurin wani Balarabe mai kanti, cikin tafi huɗu, kuma ya rantse ba shi da sauran ko ɗaya. Shi ya kwatanta mini yadda ake yi, da baki kawai. Kayana ba yawa: buzu, gorar ruwa, ƴar butar jan ƙarfe, ɗan kaskon ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, finjali ɗaya, citta da kanumfari a ƙulle. Turmi na bar shi a gida, don ni ba jaki ba ne.

Hanyar Mampong ta yi kyau bana. Turawa sun sa an faɗaɗa ta, har lori biyu suka wuce mu suna hayaƙi, muka ba su wuri. Hagu da dama gonakin koko ne a ƙarƙashin manyan itatuwa, inuwa ba ta yankewa. A ƙauyuka matan Asante na gasa agade a bakin hanya, na kwabo ya ishi mutum biyu in an haɗa da gyaɗa. Suna ganinmu sai su ce, "Kramo, akwaaba!" wato sannu da zuwa, Musulmi.

Da la'asar muka yada zango a bakin wani rafi, na ce bari in gwada hannuna. Na jera duwatsu uku, na hura wuta har tana ci bal-bal, na zuba ƙwaya kaɗan a kasko. Kafin in juya ta zama gawayi. Na daka ta a haka, na dafa, na kurɓa, hawaye suka zo mini. Taubashina ya ɗanɗana ya tofar.

"Wannan za ka kai wa tsoho? Ai gara ka jiƙa masa toka!"

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Washegari da safe na sake, wannan karon na bari wuta ta mutu sai garwashi, ina juyawa da tsinke ba tsayawa har ƙwayar ta yi launin bayan goron da ya kwana a rana. Na ƙulle ta a tsumma na daddaka da dutse a kan dutse. Ta shawu. Sai dai yanzu saura cikin tafi uku, na ce gwaji ya ƙare.

Ranar nan ruwa ya kama mu a gindin dutsen Mampong. Jakata ta fara yoyo, taubashina ya ce in kawo ƙunshin gahawar ya adana mini cikin kayansa. Na ba shi ina godiya. Hawan dutsen nan ba wasa ba ne, hanya na ta lanƙwasa, ga santsi, ga ƴan dako ɗauke da huhunan goro suna nishi. Amma da muka kai sama muka waiwaya, daji ya shimfiɗu kore shar har iyakar gani, gajiya ta tafi.

Kwana biyu ban tambayi ƙunshina ba. Sai da kurmi ya fara ja baya, ciyawa da gonakin doya suka bayyana, na ce ya ba ni in duba. Ya ciro shi da alfahari, an naɗe shi tsaf cikin ɗanyen ganyen fita, irin wanda ake rufe goro da shi.

"Safe da yamma nake yayyafa mata ruwa," in ji shi. "Da ka bar ta a hannunka da tuni ta bushe ta lalace."

Na buɗe. Ƙwayar ta kumbura, fiye da rabi ta yi fumfuna. Na zauna a ƙasa. Shi a saninsa duk ƙwaya mai tsada ruwa take so, kamar goro. Da ya gane abin da ya yi, sai ya cire rawaninsa. Ya shimfiɗa shi a kan wani falalen dutse, muka zauna muna tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya, muka shanya su a rana. Mun yi asarar rabin yini a wurin. Abin da ya tsira cikin tafi ɗaya ne, buta guda ke nan, ba ta biyu.

Mun shiga Ejura da hantsi, kasuwar doya na ci. Na tarar da Kawu a zaure kan buzu, ya rame. Ya shafa fuskata, muka gaisa, ban ce masa komai game da gahawa ba don tsoron kada in kunyata. Na zaga bayan zaure na haɗa garwashi. Ina suya, taubashina na fifita wuta a hankali kamar mai jinya. Ƙamshi na tashi sai muka ji muryar tsoho.

"Kai! Wa ke suyar gahawa a gidana?"

Na daka, na sa citta kaɗan da kanumfari biyu, na bari ta taso sau uku ina saukewa, sannan na jira gari ya kwanta. Finjali uku ta bayar. Kawu ya riƙe na farko ya daɗe yana shaƙa kafin ya kurɓa. Ya shanye, ya miƙo, na ƙara. Da ya ji labarin ganyen fita ya yi dariya har da tari, ya ce na uku na mai yayyafi ne, dole ya shanye. Taubashina ya haɗiye yana yamutsa fuska.

Sai Kawu ya share ido da bakin riga.

"Ɗana, na ɗauka sai a Aljanna. Allah ya yi maka albarka."

Mun kwana uku muka juyo, ranar Alhamis muka shigo Zango lafiya. Na koyi cewa gahawa garwashi take so da haƙuri, kuma ƙwayarta ba ta shiri da danshi, komai kyan niyyar mai yayyafa mata. Na kuma koyi cewa kayan da suka shiga jaka ɗaya sun ishi matafiyi. Maƙwabta na ta tambayata ko ta yi daɗi. Nakan ce ban sani ba, don ko ɗigo ban sha ba daga wadda na dafa wa Kawu. Fuskar Kawu kawai na gani, kuma har yau in na tuna sai in ji daɗi ya cika ni.