Rawanin Ɗan Kama da Ba Za Mu Kwance Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sabo, Allah ya jiƙansa da rahama. A Kazaure an san shi da koyarwa a firamare, amma a Roni da Babura da Gwiwa, in ka ambaci sunansa, wasansa za a fara tunawa, wato “Kasuwa Ɗaya, Ganga Biyu”. Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu, don ni mutum ne mai gudun a yi masa mummunar fahimta. Abin da ya faru a watan jiya ne ya nuna mini shirun ya isa haka.

Wasan ƙarami ne. Mutum biyar ke yin sa, sai mu 'yan amshi, dandalin kuwa bencinan aji ne ake haɗawa a shimfiɗa tabarma a kai. Labarin 'yan gambara ne da 'yan kama, masu yawon kasuwa-kasuwa suna ba mutane dariya da kiɗa da baki, suka haɗu a kasuwa guda suna rigima a kan inuwar bishiya ɗaya. Waɗannan su zuba habaici, waɗancan su rama da waƙa, har yunwa ta tilasta musu haɗa kiɗa. Kawu ya tsara shi ne da ya lura yaran ajinsa ba su taɓa ganin ɗan kama ba. An fara yin sa a bikin hutun makaranta, daga nan aka riƙa gayyatarmu garuruwa, mu cika motar haya da ganguna a cinya. Ba a taɓa rubuta shi ba, balle a ɗauke shi a kyamara. Ni ma a bakin Kawu na haddace shi, lokutan da nake dawowa hutu daga jami'a.

Zuciyar wasan ita ce fitowar ɗan kama, kuma Kawu ne ke yin ta da kansa. Zai fito da ƙaton rawani da carbin goruba, ya zauna ya gyara murya irin ta mai wa'azi, sai ya shiga bayanin falalar tuwon dawa da hukuncin wanda ya sha romo ya bar baƙo da ƙashi. Bai taɓa saka aya ko addu'ar gaske a ciki ba, muryar kawai yake ara. A Gwiwa wata tsohuwa ta iso a makare, ta ga rawani, ta ji murya, ta durƙusa ta ɗaga hannu tana ta amin. Sai da Kawu ya yi wa jama'a fatan tsira daga ɗumame marar man shanu sannan ta sauke hannu ta ce, “Sabo, ashe kai ne, ɗan nema. To, amin ɗin dai na riga na ba ka, je ka ci da ita.”

A watan jiya wasu matasa masu ƙungiyar wasan kwaikwayo suka zo wurina, da yake kayan wasan a hannuna suke. Suna so su farfaɗo da shi, har sun sami zauren taro. Sharaɗin masu zauren ɗaya ne: a cire fitowar ɗan kama, kada a ce ana izgili da malamai. Shugaban matasan ya ce mini, “Yaya, mu yi da gambarar kawai mana. Wa zai sani? Da babu gara ba daɗi.”

Ba na raina tsoronsu. Yau yaro zai ɗauki rabin magana a waya ya watsa, kafin ka buɗe baki an yanke maka hukunci. Ni kuwa Malam Wataƙila Kawu ke kirana, don ba na iya cewa e ko a'a kai tsaye. Har na fara tunanin ko a rage girman rawanin, ko a sauya muryar.

Da na ɗauko rawanin don in auna shi ne na tuna na wane ne. Limamin unguwarmu na wancan lokaci, Allah ya gafarta masa, ya taɓa kallon wasan a sahun gaba. Da aka tashi ya kira Kawu ya ce, “Sabo, naka ya yi ƙanƙanta, ba ya ba da dariya. Ka aiko a karɓi tsohon nawa. Kama da wane ai ba wane ba ce, shi ya sa ake ce musu 'yan kama.” Ban tabbata asalin kalmar ke nan ba, masana harshe na iya gyara mini. Amma na tabbata malamin bai ga izgili ba.

Da Kawu zai leƙo yau, ina jin ba wayoyin ne za su ba shi mamaki ba. Zai yi mamakin yadda muka daina bambance kwaikwayo da cin mutunci. Ɗan kama ba malami yake yi wa dariya ba, kwaɗayinmu yake yi wa, wanda muke naɗa wa rawani mu zaunar da shi a kan buzu. In kuma aka cire shi, da wa 'yan gambara za su yi rigima? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na faɗa wa matasan ko a yi wasan cikakke ko a bar shi, masu zauren kuma suka janye.

Fatun gangunan sun tsage, yawancin abokan wasan Kawu sun bi shi lahira, ko hoto mai kyau bai bari ba. Abin da ya bari shi ne hujjar cewa mutum na iya tsoron Allah kuma ya yi wa cikinsa dariya a bainar jama'a. Wannan ba zan yanke shi don a ba mu kujeru da fanka ba.

Matasan sun yarda a yi shi a ƙofar gidan Kawu bayan la'asar, sai dai babu wanda ya yarda ya zauna a gurbin ɗan kama. Ni zan zauna. Ban kai Kawu iya ba da dariya ba. Duk wanda ya zo da waya zai ɗauka, roƙona ɗaya ne: ya tsaya ya ɗauka har ƙarshe.