Ƙusar da ke Takalmin Hashimu

Na Allah ne mu, wurinsa ake mayar da mu, kuma ba a bin jerin shekaru. Ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga Zulhajji, shekara ta 1374, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hashimu ɗan Rabe, ɗan ƙanwata Sa'adiya, a ɗakin mahaifiyarsa da ke unguwar Zahir a Makka. Bai cika shekara ashirin ba. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Ma'ala, muka dawo babu shi.

Hashimu, tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna a tabarmar makoki sai in ji kamar ana tsikara ta, in tashi in fita. In na fita ƙafata ba ta kai ni ko'ina sai filin nan na bayan gari inda kuke buga ƙwallo, ni da ban taɓa son wasan ba. In tsaya in kalli tsakuwa da sanduna, in juyo. Jiya mahaifiyarka ta ce, "Yaya, ko ka zauna ko ka tafi, kana ƙara ɗaga mini hankali." To na zauna, na ɗauki alƙalami, tun da shi kaɗai ya rage mini daga karatun da na yi.

Ka san ni. Na yi shekaru a gaban malamai a Harami, na sha nahawu da fiƙihu, na koyar a makaranta har ranar da aka kawo masu takardar shaida daga waje aka ce an gode mini. Yau tafinta nake yi wa alhazai, ina nuna musu inda ake sayen tasbaha. Shi ya sa ranar da ka shigo da gudu ka ce nadi, wato ƙungiyar ƙwallon cikin gari, ta ɗauke ka, ban taya ka murna ba. Na ce maka garin nan yana son ƙafar Takruni irinmu, ɗan asalin ƙasar Hausa, da kafaɗarsa, amma ba ya son sunansa. Ka yi dariya ka ce, "Kawu, ai ƙafar suka ce in kawo. Sunan zai biyo ta a baya."

Kafin nan aikin mahaifinka kake yi. Ga wanda bai san Rabe ba, shi ne shugaban 'yan shibriyya huɗu, masu ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya a kan gadon katako su yi musu ɗawafi da sa'ayi. Kai ke riƙe da kusurwar baya ta dama tun kana ɗan shekara goma sha biyar. Aikin yana da doka, kuma a bakin mahaifinka ka ji ta tun kana rarrafe: wanda ke ƙarƙashin shibriyya ba ya cewa wayyo. Ko an taka shi, ko kafaɗa ta saɓule, ba ya sakin kusurwarsa, ba ya yin ƙara, don kada tsohon da ke sama ya firgita ya ɓata ibadarsa. Sai an sauke ake duba ciwo. Da wannan doka Rabe ya ciyar da ku. Ban san ita za ta bi ka har filin ƙwallo ba.

Ba na mantawa da watanninka na farko a nadi, domin a ɗakina kake zuwa ka zube. A Zahir kai ne sarkin fili, ba takalmi, kana bin ƙwallo duk inda ta je, yara na ihu. A can kuwa aka sami mai horarwa da usur a wuya, wanda ya ja maka layi a gefen dama ya ce nan ne wurinka, in ka bar shi ka koma benci. Ka bar shi, ka koma benci. Ka sake bari, ka sake komawa. Ka ci tuwo ka ƙoshi kafin wasan farko da aka gwada ka, ka amayar da shi a gaban jama'a. In gudu ya yi zafi Larabcin da aka haife ka a cikinsa sai ya gudu ya bar ka, a ji ka kana ihu da Hausa, "Ga ni! Ba ni!" su kuma su yi ta dariya suna kwaikwayonka. Wasu daga bakin fili suna kiran ka ɗan dako, suna tambaya ko ka zo ɗaukar mai tsaron gida ne ka yi masa ɗawafi.

Wata rana ka zo ka ce ka gaji, mutumin nan yana so ya mayar da kai turke. Mahaifinka yana gefe yana shafa mai a kafaɗa. Bai ɗago ba ya ce, "Da ka bar kusurwarka ka je taya na gaba, ina tsohon zai faɗa?" Daga makon nan ka tsaya a gefenka, ka koyi jira, ƙwallo ta fara zuwa ta same ka. Na ji Dauda, abokinka na unguwa wanda ke bin ka filin kullum, yana cewa masu yi maka dariya su ne suka koma ihun "Ga ni!" in suna son a ba ka.

Ni ban je kallo ba sai sau ɗaya, shi ma janyo ni ka yi. Ka ce, "Kawu, ka karanta littattafai sun fi raƙumi nauyi, zo ka ga abin da ba a rubuta ba." Na je na tsaya a rana ina tsaki. Aka sako ka kusa da tashi. Na ga ka karɓi ƙwallo, ka wuce mutum biyu kamar an ɗaure su, ka miƙa wa wani ya jefa a raga. Shi aka ɗaga sama, shi aka rubuta sunansa a jarida. Na nuna maka don ka gane abin da nake faɗa maka tun farko. Ka karɓi jaridar ka naɗe mini gurasa a cikinta.

Haka kake, ba a iya ɓata maka rai ya daɗe. Kai ne ke cika mini tulu tun da gwiwata ta fara ciwo, ba tare da na roƙa ba. Bara a Muzdalifa ka tsinci wata tsohuwa 'yar Damagaram ta ɓace wa mutanenta, ka goya ta har Mina kana yi mata hira, ta yi ta kiran ka mijinta, ka ce sai dai in za ta yarda da kishi da ƙwallo. Da 'ya'yanta suka miƙo hannu za su ba ka wani abu, ka ce ta riga ta biya da addu'a. Ni da na daina tsammanin alheri daga mutane, kai ne kake ƙaryata ni kullum, kuma ina jin haushin hakan, ina kuma jira ka sake.

Yanzu sai maganar takalmi, wadda ita ce ta hana ni zama.

Ranar da aka ɗauke ka, shugaban nadi ya miƙo maka takalman ƙwallo da hannunsa a gaban kowa, ya dafa kanka. Baƙaƙe ne masu nauyi, da ƙulle-ƙullen fata a ƙasa da aka kafe da ƙusoshi. Ka shigo da su gida a rungume. Mahaifiyarka ta yi guɗa, ta turara su, ta ba su wuri a akwatinta tare da zannuwan fita. Dukanmu mun ɗauka kyauta ce, kyautar babban mutum. Kuma a gidanmu, kamar a gidan kakanninmu tun kafin su baro Kano da ƙafa, ba a duba aibin kyauta, ba a komawa wurin mai ita a ce ta matse ko ta yi ciwo. Sun yi maka kaɗan tun ranar farko. Ka ce ƙafarka ce ba ta waye ba, za ta koya.

A Zulƙida na ga kana ɗingishi in ka ɗauka ba mai kallon ka. Na tsare ka na ce ka nuna mini. Ka ce, "Kawu, sabon salo ne, haka 'yan Jidda ke tafiya." Na matsa, ka nuna. Ƙusa ɗaya ta huda ƙasan takalmin dama ta shigo ciki, ta yi maka rami a tafin ƙafa. Kana cusa tsumma a kai ka buga wasa, ka dawo ka wanke da zamzam ka shafa kitse da toka. Na ce ka kai wa mai horarwa ya gani, ka je wurin likita. Ka riƙe mini hannu ka ce akwai babban wasa da mutanen Jidda a Muharram, kuma an ce da kai za a fara, karo na farko, ba daga benci ba. An kuma ce duk mai ɗingishi ba zai shiga ba. "In na ce wayyo yanzu, Kawu, wani za a sa a gefena. Bari a sauke tukuna." Na kai maganar wurin mahaifinka. Ya duba ƙafar ya ce ya ga waɗanda suka fi wannan sun warke.

Sai aikin Hajji ya zo, aka rufe fili, ka koma ƙarƙashin shibriyya, domin kusurwar baya ta dama ba ta da wani mai ita. Ka yi kwanakin Mina kana taka ƙasar mayanka da wannan rami a ƙafarka, cikin zafin da ya kwantar da ƙarti. Ba wanda ya ji bakinka. Bayan alhazai sun fara watsewa ka ce wuyanka ya riƙe. Washegari muƙamuƙinka ya sarƙe, ko ruwa sai da tsinin cokali. Da muka kai ka asibiti likita ya dubi ƙafar, ya dube mu, ya tambaya me ya sa sai yanzu. Muka dawo da kai ɗakin mahaifiyarka, bayanka yana sandarewa yana saki, idonka a buɗe, kana jin duk abin da ake faɗa. Ko a nan ba ka yi ƙara ba, sai dai wannan karon ba dokar mahaifinka ce ta hana ka ba.

Ranar uku wani mutum ya zo daga nadi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya zo da ladabi, ya zauna, ya yi addu'a, har idonsa ya kawo ruwa. Da zai tashi ya sunkuya wurin Rabe ya ce a yi haƙuri, in an sami sarari a ba shi riga da takalman, domin kayan nadi ne, aro ake ba kowane ɗan wasa. Rabe bai gane ba, sai da na maimaita masa da Hausa. Aka fito da su daga akwati suna ƙamshin turare. Mutumin ya sa hannu ciki, ƙusar ta soke shi, ya zare da sauri. Ya ce, "La haula! Me ya sa bai faɗa ba? Akwai wasu cike da sanduƙi, manya da ƙanana. Kowace Alhamis mai gyaran takalma yana zuwa ya danne ƙusoshi, kowa miƙa nasa yake yi."

Kowa miƙa nasa yake yi, Hashimu. 'Ya'yan gari sun san aro ne, suna jefa wa mai gyara suna zaginsa in ya yi jinkiri. Kai kaɗai kake naɗe naka a mayafi ka kawo gida, don kada a ce ɗan Takruni ya raina kyauta. Ba wanda ya ga ya kamata ya gaya maka, domin ba wanda ya zaci akwai mai buƙatar a gaya masa. Wannan nake juyawa tun ranar, ina tafiya ina dawowa, na rasa wanda zan kama. Mutumin da ya miƙo takalmi bai yi ƙarya ba. Mahaifinka bai koya maka abin kunya ba. Dattawan unguwa da suka ce ƙwallo wasan banza ne, yau su ne a gaban tabarma suna cewa ɗanmu, ɗanmu, su ma na bar su da Allah.

Ni na so a jefa takalman a rijiya, na faɗa da ƙarfi a gaban baƙon. Mahaifinka bai kula ni ba. Ya tambayi mutumin wa za a ba. Ya ce akwai yaran da za a gwada kafin Muharram, har da Dauda. Rabe ya tashi ya fita tsakar gida, ya ɗauko dutsen niƙan mahaifiyarka da guntun ƙarfe, ya zauna ya kife takalmin dama, ya yi ta bugun ƙusar har ta kwanta. Ya sa yatsa ya shafa, ya sake bugawa, ya duba na hagu ma. Sannan ya miƙa. Ya kira Dauda daga bakin ƙofa ya ce, "In ya cije ka, ka yi ihu kowa ya ji. Ka ji ko?" Dauda ya ce ya ji. Tun da nake da Rabe ban taɓa jin ya ba wani izinin cewa wayyo ba sai ranar.

Ya Allah, ga Hashimu ya zo maka da ƙuruciyarsa. Ya ɗauki bayinka a kafaɗa ya kewaya da su ɗakinka, bai taɓa kayar da ko ɗaya ba. Ka ɗauke shi da rahamarka kamar yadda ya ɗauke su. Ka sa ciwon da ya haɗiye ya zama kankarar zunubansa, ka yalwata masa kabari, ka sanyaya masa ƙasar Ma'ala, ka tashe shi cikin maƙwabtan ɗakinka.

Rabe, Allah ya ba ka haƙuri, ya kawo maka mai riƙe kusurwar da ta zama ba kowa. Sa'adiya, ƙanwata, ba ni da maganar da za ta kai inda ciwonki yake, Allah da ya ba ki shi ya karɓa, shi zai riƙe ki. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙannensa, ga 'yan shibriyya abokan aikinsa, da dukan mutanenmu na Zahir. Allah ya jiƙan Hashimu, ya gafarta masa. Mu kuma da muka rage, tsofaffi masu taurin rai irina, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Kawunsa,
Abdulganiyyu, Zahir, Makka