Fiyanon Gidan Mai Haƙar Zinariya

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka dawo da ni gida koyarwa, a firamaren wani ƙauye kusa da Tabanni. A makarantar 'yan mata ta Zariya na koyi kaɗa fiyano wurin wata tsohuwar Baturiya, amma tun da na dawo ban sake ɗora hannu a kan ko ɗaya ba. Wani lokaci ina tankaɗe sai in tarar yatsuna suna wasa a bakin rariya.

Wata Lahadi da damina, bayan an tashi sujada, kawuna, wanda shi ne dattijon majami'armu, ya tsayar da ni a gindin ɗorawa. Ya ce Baturen da ke haƙar zinariya a bakin daji ya koma ƙasarsu, ya bar wa kukunsa kaya ya sayar, har da akwatin kiɗa a ciki.

"Ke kaɗai kika san abin nan, 'yata. Mu je ki duba mana. In mushe ne, kada mu kwaso."

Motar itace ta sauke mu a kan hanyar Birnin Gwari, muka yanki daji a ƙafa. Ciyawa ta kai mana kafaɗa, raɓa ta jiƙa mini zane. Ƙarƙashin itatuwan maɗaci haske kore-kore ne, kamar mutum yana tafiya a ƙasan tafki. Kawu yana gaba yana ture reshe da sanda, ni kuwa ina baya ina rera waƙoƙin makaranta a zuci, ina tsoron ko na manta su.

Kukun dattijo ne, da carbi a hannu. Ya shigar da mu falo, ya yaye wani tsohon bargo.

"Ga shi, Malama. Ta teku ya zo, sannan jirgin ƙasa, sannan kawunan mutane. Uwargida ce take kaɗa shi da la'asar. Tun da ta rasu ba wanda ya buɗe."

Na danne zumuɗina, domin an koya mini cewa ido ke fara saye kafin kunne. Ƙafafunsa suna tsaye cikin gwangwanaye masu sauran kananzir, don haka gara ba ta hau ba. Na ƙwanƙwasa katakon ko'ina, ban ji rami ba. Da na ɗaga murfin sama, ƙamshin kafur ya bugo ni, gauraye da warin ɓera. Asu ya ci ulun da ke kan 'yan gudumomin da suke bugun wayoyi. Wayoyin sun yi tsatsa kaɗan. Abin da ya kashe mini jiki shi ne allon baya, ya tsage tsawon kamu, kuma wasu daga cikin turakun da ke riƙe wayoyin sun saki.

Sai na zauna. Na bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, sun yi ruwan ƙwai don tsufa. Na can dama da yawa sun yi gum, na hagu suna gurnani. Amma na tsakiya, inda muryar mutane take, suna nan da ransu.

Ban san lokacin da na shiga waƙar girbi ba. Ruwa ya sauko a kan rufin kwano, falon ya yi duhu-duhu, sautin yana fita ta taga yana shiga daji. Na manta da kawu, na manta da ciniki. Da na ɗago, wasu matan Fulani da suka fake a baranda sun sauke ƙoren nononsu, sun jingina da taga. Kukun ya juya mana baya yana goge teburin da ba datti.

Kawu ya matso ya ce da ni da yarenmu, "To, yaya?"

"Kawu, ba mushe ba ne. Amma tsoho ne mai ciwo. Ko an ɗaure wayoyin nan, za su riƙa saki."

Ya shafa katakon. "Tsoho mai ciwo ma yana zuwa sujada," ya ce.

Da kaka, bayan hanya ta bushe, mazan ƙauyenmu suka je da amalanken shanu suka ɗauko shi, an shimfiɗa masa karan dawa. Mata suka tare shi da guɗa tun daga rafi.

Abin da na faɗa bai faɗi ƙasa ba. Kowane rani muryarsa sai ta ƙara sauka, mu kuma ba mu da mai gyara, sai muka riƙa binsa ba tare da mun lura ba. Wani fasto baƙo daga Kaduna ya taɓa tambayata me ya sa mutanenmu suke waƙa ƙasa-ƙasa, kamar masu rarrashin jariri. Na nuna masa fiyanon, ya taɓa, ya yi dariya har da hawaye.

Da fiyanon nan aka ɗaura aurena, da shi muka raka kawu makwancinsa. Bayan fiyanon ya yi shiru gaba ɗaya ba wanda ya yarda a fitar da shi daga majami'a. Aka rufa masa farin ƙyalle, mata suna ɗora furanni a kansa ranar Kirsimeti.