Kibiyar da Baffa Bai Harba Ba

Har yau in na ji an busa usur a filin makarantar da ke bayan gidana, sai raina ya ɓaci. Matata ta ce rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne, bari ka ji dalili.

Na tashi a wani ƙauye kusa da Riruwai, a gidan maharba. Kakana shi ne Sarkin Baka na yankinmu. Bayan girbi, in dawa ta shiga rumbu, zaurenmu sai ya cika da ƙamshin man kaɗanya da ake shafa wa tsirkiya, ga ƙarar wasa bakin kibiya a dutse tun hantsi. Dokar Kaka guda ce: in yana wurin, ba mai sakin kibiya sai ya ce "Saki", ko da barewa ta tsaya tana kallonka. Mai jan baka idonsa na kan nama ne kawai. Dattijon da ke bayansa shi ke hango ko akwai makiyayi a bayan sabara. Da wannan doka aka yi zamaninsa ba a harbi mutum bisa kuskure ba.

Baffa, ƙanen mahaifina, ya fi kowa hannu a garin. Wata shekara sai ga mutane daga birni cikin riguna iri ɗaya, wai su shugabannin wata ƙungiya ce ta wasan harbin kibiya. Akwai ciyaman, akwai mataimakinsa, akwai sakatare, akwai wani da ban ga aikinsa ba sai riƙe wa ciyaman gorar ruwa. Na duba yatsunsu, ba wanda tsirkiya ta taɓa yi wa kanta. Suka ga Baffa ya kaɗo goruba daga nesa, suka yi ta tafi, suka ce lallai ya zo gasa, in ya ci shi zai wakilci jiha. Kaka ya zaunar da su ya yi musu bayanin dokarmu dalla-dalla. Ciyaman yana duban agogo yana cewa ba damuwa, Baba.

Ashe da damuwa. Ranar gasa muka shiga bas har birni, ni da Kaka da Baffa. A filin an ja igiya. Baffa ya wuce, aka tare Kaka, wai ba shi da katin da ake ratayawa a wuya. Mutumin da duk maharban kudu ke durƙusa wa, aka tsayar da shi cikin rana tare da masu tallar gyaɗa. Sannan aka yi shela cewa duk ɗan gasar da wani ɗan kallo ya yi wa magana, an cire shi. Kaka ya ji, ya kama bakinsa don kada ya ja wa ɗansa. Ciyaman kuwa yana can inuwa yana gyara zaman manyan baƙi.

Aka busa usur, kowa ya hau harbi. Baffa ya ja baka har kunne, ya tsaya. Ya waiwayo, ya ga Kaka. Kaka ya sunkuyar da kai. Ina kallon Baffa riƙe da tsirkiya a kunne, gumi na bin wuyansa. Aka sake busa usur, ya sauke baka, ya mayar da kibiyar cikin kwari. Sakatare ya ce tsoron jama'a ne ya kama shi, haka mutanen ƙauye suke. Wannan magana har yau tana ƙona mini rai.

A mota kan hanyar gida, bayan mun wuce Tudun Wada, Kaka ya dubi Baffa.

"Da ka saki, da ban ce komai ba," in ji Kaka.

"Da na saki, Baba, gobe a daji wa zai jira ka?"

Yanzu Kaka ya rasu, farauta ta zama tarihi, man kaɗanya sai dai a shafa wa ƙafa. Abin haushi, 'yata ta fari ta shiga wannan ƙungiya, tana harbi da wani baka mai kusoshi kamar keken ɗinki. Bara na ɗauki Baffa, ya tsufa har yana dogara sanda, muka je kallonta. An canja ciyaman, an canja riguna, igiyar na nan. Doka ɗaya suka gyara: yanzu ɗan kallon ake kora.

Aka busa usur. Yarinyar nan da ta tashi da jin labarin, ta ja baka, sai ta waiwayo wajenmu. Baffa ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"Saki," ya ce, yadda duk filin zai ji.

Kafin mu ga inda kibiyar ta sauka, masu kati a wuya sun tasa mu gaba zuwa ƙofa. Ni ina ta faɗa da su. Baffa ko tambayar inda ta sauka bai yi ba.