Alamar da na wanke a bayan Kawu

Kawuna ya zo Azare daga Gololo da ƙari biyu a gadon baya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kusan girmansu ɗaya. Likita ya ce wanda yake ƙaruwa kaɗai za a cire, ya zagaye shi da shuɗiyar tawada, ya ce aiki sai gobe da safe. In aka rasa ranar, sai bayan wata guda, ga hadari ya fara haɗuwa, Kawu bai shuka gero ba.

Ni aka miƙa wa takardar umarni, tunda ni ne na gama jami'a. Na karanta ta sau huɗu, wataƙila biyar. Ta ce a yi wanka da sabulu, a tsabtace wurin sosai. Wannan "sosai" ya dame ni, don ba a faɗi iyakarsa ba.

Da safe na zaunar da shi kan turmi, na kama cuɗa da soso.

"Kai, mai digiri, tukunya kake kankarewa?"

"Kawu, ƙwayoyin cuta ba a ganinsu."

"To, bar wa likitoci fatar da za su ɗinke."

Da na zuba ruwan ɗauraya, baya ya yi fes. Ko ɗigon shuɗi babu.

"Kawu, wanne ne a ciki?"

"Ni na taɓa ganin bayana?"

Na fi zaton na sama ne, amma ba zan rantse ba. Akwai biro a aljihuna. Sau biyu ina ciro shi ina mayarwa.

A asibiti na faɗa wa nas gaskiya. Dattijuwa ce. Ta karɓi takardar, ta juya ta, ta nuna min. A bayanta an rubuta kada a goge alamar likita. Duk karatun nan nawa ban taɓa juya ta ba.

"Ɗana, wace jami'a ka ce?"

Ban ce ba, kuma ban ga amfanin faɗa ba.

Muka zauna kusan awa guda kafin likita ya fito. Ya duba kati, ya lallatsa, ya sake zagayewa. Na ƙasa ne. Na taɓa biron aljihuna.

A ranar aka yi aikin. Da nas ta zo koya min canza bandeji, Kawu ya ɗago kai daga filo.

"Hajiya, kada ki ba shi. Zaren ma zai wanke."

Ni dai na riƙa canzawa, a hankali, har aka cire zare. Kwana uku bayan nan, in ban manta ba, ruwan shuka ya sauka, Kawu yana Gololo.