Giwar ruwan da Inna ta kawo mini

Ina da cikin fari, wata shida, lokacin da rikici ya sa aka rufe mu a unguwarmu, Kilomita Biyar. Wanda ya ƙetare iyakar unguwa sai dai a bi shi da addu'a. Jami'a ta gagare ni zuwa, na koma ɗakin Inna, mahaifiyata, ina kumbura ina masifa.

A gidanmu mai ciki ake ba kifi mafi girma, wai don ɗa ya yi kai. Inna kuwa ba ta san uzuri ba. Ta aika wa wata tsohuwar ƙawarta Kirista a unguwar Miskine, mai sayar da kifi, suka haɗu a bakin iyaka. Sai ga Inna da giwar ruwa ta kusa tsawon hannuna, tana haki tana murmushi.

Na ce, "Inna, ba zan ci ba."

"Ba za ki me ba?"

Na zayyana mata abin da aka koya mana a jami'a. Masu wankin zinariya can saman kogi suna aiki da zaiba, tana zuba cikin ruwa. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su sha, ƙananan kifi su ci su, babba ya haɗiye ƙananan, ko a teku haka ne. Zaibar ba ta fita daga jiki, taruwa take, babban kifi ya fi kowa kwasa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi take taɓawa.

"To, in wanke da lemun tsami mana."

"Ba ta wankuwa, ba ta dahuwa."

Ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ciki bakwai na yi da kifin nan, har da ke sarkin iyayi. Ko shi ya taɓa ki?"

Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinta har ƙwalla, amma na kafe. Ta dafa, ta tura wa maƙwabta.

Washegari da hantsi ana ta harbi wajen unguwar Yakite, na duba ɗaki babu Inna. Hankalina ya tashi, na tsaya bakin ƙofa ina zagin bakina. Sai azahar ta shigo, zaninta duk taɓo, da ƙullin 'yan mitsi-mitsin kifi. Ta zauna tana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, da idanunta da zare ma ba sa iya sa wa allura.

Na ce, "Ashe kin yarda, Inna?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ban yarda ba ko kaɗan. Amma ba da jikana zan gwada wa ya fi gaskiya ba. Miƙo kwano."