Injin Kwance Noti Mai Batir Ɗaya

Akwai wata Talata ta cikin watan Agusta, damina uku da suka wuce, da ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita. Tunda kun dame ni da tambayar wane injin kwance noti ya kamata ku saya don gyaran mota da mashin a gida, to ku gyara zama ku ji yadda na sayo namu. Masu latsa waya ku ajiye ta tukuna, ba zan maimaita ba.

Ni direba ne a asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye da ke kan hanyar Watari, ina mataki na huɗu na albashi. Ga wanda bai san tsarin ba, asibiti irin namu ba shi da likita. Akwai shugaba, wadda muke cewa incaj, a lokacin Hajiya Binta ce. Akwai ungozoma, akwai masu rigakafi da mashinansu. Idan ciwo ya fi ƙarfinmu, Hajiya ta rubuta takarda, ni kuma in ɗauki mara lafiya zuwa babban asibiti. Mota ɗaya ce, direba ɗaya. Ƙananan gyare-gyare na motar da na mashinan duk a wuyana suke.

Ranar Litinin da safe na tarar tayar baya ta sace, motar ta zauna. Ban damu ba, ai ina da safaya. Na ɗauko jak da sifanar taya, na kama noti na farko, ko gezau. Na hau kan sifanar da ƙafa biyu, ni da nauyina duka, shiru. Sai na tuna watan da ya wuce an canza mana tayoyi a birni, kuma mai facin can ya yi ta danna wa notikan nan bindigar iska, wato injin ɗaure noti, har sai da ya gaji don kansa. Na kira mai facin ƙauyenmu, muka zura bututun ƙarfe a sifanar, muka danna mu biyu. Sifana ta lanƙwashe kamar lauje, kan noti ɗaya ya fara cinyewa. Ya ce mu dakata haka, in ya ƙarasa cinyewa ko ƙarfen ciki ya karye, motar sai ta yi sati a nan.

Hajiya ta fito ta tsaya tana kallon tayar. Ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, “Malam Hadi, ka san Sa’a, matar Malam Yusha’u mai noman tumatir?”

Na ce na san mijin.

“Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, jininta yana hawa. Na ba ta magani na ce ta dawo Alhamis. Amma irin wannan ba ya duba rana. In jijjiga ta kama ta, ba a ɗora ta a mashin.”

Motar haya ɗaya ce a ƙauyen, a-kori-kura, kullum da asuba take lodin hatsi ta tafi Dawanau, sai yamma lis ta dawo. Mai ƙafa uku kuwa ba ya iya ƙetare lakar fadama da damina. Wato in ba motata ba, babu.

Hajiya ta kira shugaban kwamitin asibiti, aka ciro ɗan abin da ke asusu aka ba ni. Ba wani abin kirki ba ne. Ta ce in sayo injin da zai kwance notin nan, kuma ya zama na asibiti, ya yi mana mota ya yi mana mashina.

Talata da sassafe na hau mashin ɗin rigakafi na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a birni. Aka nuna mini shagon wani dattijo, Alhaji Ɗanlami, mai sayar da kayan aikin makanikai. Na zayyana masa halin da muke ciki. Ya ce in zauna, na ce Alhaji zama ba nawa ba ne yau.

Ya jero mini su a kan benci. Na farko mai amfani da iska ne, irin wanda ya ja mana wahalar. Yana da arha, amma sai da tukunyar iska da injinta, wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Na biyu mai igiya ne, ana jona shi a wuta. Na ce Alhaji, a garinmu turakun lantarki ne kawai suka rage, ko wayar babu. Saura masu batir guda uku. Ɗaya na babban kamfani, da ya faɗi kuɗinsa ban ma sa hannu na taɓa ba. Ɗaya ja ne mai sheƙi, cikin akwati, da batir biyu da soket, wato kawunan da ke kama noti, jere reras, an rubuta wata ƙatuwar lamba a jikinsa wai ƙarfinsa ke nan, kuma kuɗina sun isa har da canji. Na ƙarshen baƙi ne, mummuna, mai nauyi, batir ɗaya tal, ba akwati ba soket, kuma zai cinye kuɗin kaf.

Wallahi jan nan ya shiga raina. Batir biyu fa, ga mu a ƙauye.

Alhaji ya ce, “Malam, lambar jiki fenti ce, kowa yana iya rubuta tasa. A nan ba ma sayar da inji sai an gwada. Taso.”

Ya kai ni bayan shago inda wata tsohuwar bas ta maƙwabcinsa take, ya ce ita ma bindigar iska ce ta ɗaure ta. Na ɗora jan. Ya yi ta ƙara, taf-taf-taf, har jikinsa ya ɗau zafi, noti yana nan inda yake. Muka sa ɗaya batirin, duk ɗaya. Na ɗora baƙin, ya buga kaɗan, noti ya saki. Ban yarda ba, na gwada wani. Na sake gwada wani, na zagaya ɗaya tayar. Ina tsoron in kai shi ƙauye ya ba ni kunya, shi ya sa na yi ta gwaji har sai da zuciyata ta kwanta.

Ya ƙara mini abu biyu. Ya ce kada in kuskura in sa masa farin soket mai ƙyalli, fashewa yake yi ya tsartu a ido, baƙin soket ake sa masa. Ya ɗauko ɗaya daidai notin motarmu ya ba ni, ya ce wannan sadaka ce ga mai cikin. Sannan ya nuna mini maɓallin rage ƙarfi, ya ce a mashin kullum a na ƙasa, kuma kwancewa kawai, ɗauri da hannu. In ba haka ba zai cinye haƙoran noti ko ya tsaga gidan inji.

Yana cikin cewa in bari a jona batirin ya cika, tunda sabo ba ya zuwa a cike kuma mun ci wani a gwaji, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya ce.

“Malam Hadi, kana ina? An kawo Sa’a. Kanta yana sarawa, tana ganin dishi-dishi. Na auna, ya hau sosai. Ka taho.”

Na duba batirin. Fitila uku gare shi, biyu suna ci. Na ce Alhaji, biyu za su kwance noti shida? Ya ce, “Ya kamata. Amma ban ga notin naka ba.” In na tsaya, ban san abin da zan tarar ba. In na tafi, ban san ko zai kai ni ba. Na ɗaure injin da cajarsa a bayan mashin na kama hanya.

A Dawanau manyan motocin hatsi sun toshe titi. Na bi ta gefen kwata, na bi ta tsakanin buhuna, wani ɗan dako ya zage ni, ban ko waiga ba. Duk tsawon hanyar ina salati, ina jin waya tana motsi a aljihu, ina tsoron ɗauka. A fadama na sauka na tura mashin cikin laka har gwiwa.

Na iso bayan azahar. Malam Yusha’u yana tsugune a gindin darbejiya a ƙofar asibiti, hularsa a hannu. Yana ganina ya miƙe. Ban tsaya gaisuwa ba, na wuce wajen mota, ya biyo ni.

Noti na farko ya fita. Na biyu ya fita. Na uku ya yi gardama, sai da injin ya daɗe yana bugu. Fitila ta koma ɗaya. Na huɗu ya fita da ƙyar. A kan na biyar, wanda kansa ya fara cinyewa, na ji ƙarar tana raguwa, tana raguwa, ta tsaya. Na danna, na sake dannawa. Na cire batirin na mayar, kamar hakan zai ƙara masa wani abu.

Daidai lokacin na ji muryar ungozoma daga ciki tana kiran Hajiya da sauri, na ji ƙarar gadon ƙarfe. Ba sai an gaya mini ba, jijjigar ce ta zo. Malam Yusha’u ya ce, “Innalillahi,” a hankali, ya dubi injin da ke hannuna.

Muna da sola a asibiti, amma kai tsaye aka haɗa ta da firjin rigakafi, babu wurin jona komai. Wuta ɗaya ce a ƙauyen, janaretan Garba mai cajin waya, a bakin kasuwa. Na ɗauki batir da caja na ruga a ƙasa, na ma manta akwai mashin. Garba yana jin bayanina ya fizge wayoyin mutane daga layi guda, ya jona mini, ya ƙara wa janareta mai. Masu wayoyin suna zaune a benci, babu wanda ya yi ƙorafi.

Ban taɓa jira mai tsawo irin wannan ba. Ina tsaye ina kallon ’yar fitila tana ƙiftawa. In na cire da wuri, ya sake mutuwa a hannuna, na yi biyu babu. In na bari, ga mace can tana fama. Hajiya ta aiko a ce mini ta yi mata allura ta lafa, amma tana iya dawowa kowane lokaci. Wani dattijo a bencin ya ce, “Malam direba, zauna mana.” Na ce Baba, ƙafafuna ba za su yarda ba.

Fitila ta biyu tana kamawa na cire. Wani ya ɗauke ni a mashin. Na kafa soket a noti na biyar, na danna shi da ƙirjina don kada ya zame, na yi bismillah. Ya buga, ya buga, ya saki. Na shida bai ba da wahala ba. Malam Yusha’u da kansa ya gangaro safaya ya tallafa mini, na ɗaure da hannu da sifanar mai faci.

Aka fito da Sa’a a kwance, ba ta san inda take ba. Hajiya ta shiga baya da ita, mijin ya zauna kusa da ni. A fadama mutanen gona suka bar aikinsu suka turo mu. Kafin mu hau kwalta ta sake yin wata jijjigar. Ina jin Hajiya tana kiran sunanta, ban waiga ba, idona yana kan hanya.

A babban asibiti aka wuce da ita ɗakin tiyata. Muka yi la’asar a masallacin harabar, muka dawo muka zauna a dakali. Can Hajiya ta fito. Ta tsaya gaban Malam Yusha’u ta ce, “Malam, Sa’a ta tsira, an ce za ta tashi. Yaron kuwa Allah ya karɓi abinsa, bai zo da rai ba.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhamdulillahi. Allah ya bar wa na gida uwarsu.”

A hanyar komawa na tambayi Hajiya ko jiran cajin nan ne ya jawo. Ta ce ba ta sani ba, likitan ma bai sani ba, mai yiwuwa tun safe abin ya faru. Na karɓi maganarta, amma na yi kwanaki abinci ba ya shiga.

To ga amsar tambayarku. Kada lambar jiki ta ruɗe ku, kada akwati mai kyau ya ruɗe ku. A gwada a gabanku, a kan noti mai taurin kai. Ku nemi mai maɓallin rage ƙarfi saboda mashin, da baƙin soket. Ku tambayi kanku a ina za ku yi caji, don mai shago a birni yake, ku kuwa a nan kuke. Kuma duk mai facin da ya ɗauko bindiga zai ɗaure muku taya, ku riƙe hannunsa, ku ce a ƙarasa da sifana. Ni yanzu duk sati sai na sassauta notikan motar na mayar da hannuna.

Abin da aikin ya koya mini game da mutane kuwa, bayan sati biyu na gan shi. Ina wanke mota da safe sai ga Malam Yusha’u yana jan wani farin rago, ƙosasshe. Muka gaisa, na tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida. Ya ce Garba ya gaya masa injin batir ɗaya gare shi, kuma ana sayar da na biyu daban. Na ce haka ne, kuɗi ne ba su kai ba.

Ya miƙo mini igiyar. Ya ce, “Na suna ne. Tun rani nake kiwonsa. Tunda ba a yi sunan ba, a kai shi kasuwa a sayo batirin. Akwai masu ciki da yawa a garin nan.”

Na karɓi igiyar, ya yi mini sallama ya wuce gonarsa.